Firji a waya, kwanuka a tsakar gida: yadda na rabu da kayan ɗakina a Aboabo

Wata uku kenan da muka tashi daga unguwar Aboabo ta Kumasi muka koma Kenyasi, kuma har yau in na haɗu da matan tsohon gidanmu a wajen suna ko biki sai wata ta ja ni gefe ta ce wai da gaske a waya na sayar da firjina? Na gaji da maimaita labari ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wadda za ta amfana ta amfana.

Shekara 11 muka yi a ciki da falo na gidan haya, kun san irin gidajenmu na Zango, ɗaki goma sha wani abu, famfo ɗaya, kowa na jin tarin kowa. Adbans ɗinmu ya ƙare, mai gidan ya ce shekara biyu yake so a dunƙule, (doka dai tun ta 1963 wata shida ta ce, amma je ki gaya wa lanlod haka ki ga ko za ki kwana a ɗakin), sai maigidana ya ce wallahi gara mu koma filinmu ko da ɗaki ɗaya ne aka rufa. To ɗaki ɗaya ɗin ne kuwa aka rufa, na biyun yana nan sama a buɗe yana jiran kwano, ga wuta ba a ja mana ba tukuna. Kaya kuma na shekara 11 ba za su shiga ɗaki ɗaya ba ko da aljani ne zai jera su. Firji mai ƙofa biyu, keken ɗinki Butterfly da na daina taɓawa tun da bayana ya fara ciwo, talabijin, fanka biyu ɗaya na aiki ɗaya sai an tura ta da tsinke, tukunyar gas ta biyu, sannan uwa uba kayan aure, samira da kuloli da tangaran da ke cikin kabad tun ranar da aka kawo ni, wasu ko ledarsu ba a cire ba.

Da waya na fara, don ƙanina da ke karatu a Tek, wato jami'ar KNUST, shi ya matsa. Ya ce Yaya ba wanda ke wahala yanzu, hoto kawai za ki ɗauka. A Ghana wuraren da kowa ya sani su ne Jiji da Tonaton da kasuwar Facebook, sai kuma status na WhatsApp wanda ni a wajena shi ma kasuwa ce. Tonaton tun 2013 take, sunan ma Twi ne, saya da sayarwa, da can akwai OLX ita ma, sai Jiji ta saye harkar OLX ta Ghana a 2019, ta zo ta haɗa da Tonaton a 2022, wato in kin saka a nan kin saka a can kusan gida ɗaya kika shiga ta ƙofa biyu. Saka talla kyauta ne, sai sun duba sun amince kafin ta fito, in kuma kina so taki ta riƙa zama a sama sai ki biya. Ni ban biya ko kwabo ba.

Abu ɗaya da yaron nan ya koya min kuma na ga amfaninsa shi ne hoto. Na farko da na ɗauka da daddare ne a cikin falo, firjin ya fito kamar akwatin gawa. Ya ce a'a, muka jira safe muka jawo shi bakin ƙofa, na wanke shi tas da omo, muka kunna shi tun dare har ƙanƙara ta kama, ya ɗauki ciki da ƙanƙarar a jiki, ya ɗauki takardar bayan mai lambobi, har inda fenti ya ɗan kankare a gefe ya ɗauka, na ce kai wannan kuma na mene ne, tona min asiri za ka yi? Ya ce in mutum ya gani tun a hoto ba zai zo ya tsaya miki a kai yana neman ragi saboda shi ba. Gaskiyarsa ne.

Sidi 2,200 muka saka. Kafin azahar waya ta fara ƙara, ni kuma har na fara lissafin bandir nawa na kwano zan saya. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Cikin mutum goma da za su yi magana, bakwai ba abin da za su ce sai "las?", wato nawa ne farashin ƙarshe, ko sallama babu, ki ba su amsa su ɓace. A Facebook kuma akwai wata tambaya da ke zuwa a shirye, mutum dannawa kawai yake ta tafi, wai har yanzu kayan na nan, ki ce e yana nan, shikenan kin gama jin ɗuriyarsa. Wani ya ce zai ba ni 800 yanzu yanzu kamar yana min alfarma. Wata ta sa na yi mata bidiyo har uku, na buɗe na rufe na kunna na kashe, daga ƙarshe ta ce bari mijinta ya dawo daga tafiya. Sannan ga waɗanda da sun ji muryar mace sai zancen firji ya koma "madam kina da aure", ƙarfe goma sha ɗayan dare. A kwana na uku na cire lambata muka sa ta ƙanina, kuma duk macen da za ta yi wannan harka shawarata kenan tun farko, ki sa lambar namiji a gidanku ki huta.

A kwana na huɗu ne ɗan damfara ya zo, a ɗaya daga cikin wuraren da muka saka, ba sai na ce wanne ba don irinsu ko'ina suna nan. Muryarsa a natse, Turanci mai kyau, bai nemi ragin ko sidi ɗaya ba, wannan kaɗai ya isa ya sa in farga amma kwaɗayi ya rufe min ido. Ya ce yana Obuasi wajen aiki, zai turo kuɗin ta momo, wato asusun kuɗi na waya, sai direbansa ya zo ya ɗauka. Minti biyar sai ga saƙo ya shigo wayar ƙanina, an turo 2,700. Sai ga kira, wai ya yi kuskure ya ɗora 500, don Allah a mayar masa da sauri mahaifiyarsa na asibiti. Wallahi ni har na ce a mayar masa, haƙƙin mutum ba abin wasa ba ne. Ƙanina ya ce Yaya tsaya, dubi inda saƙon ya fito. Lambar waya ce irin tawa da taki, ba sunan kamfani ba. Ya duba balas, sidi 14 ɗinsa na nan yadda ya bar su, ko kwabo bai ƙaru ba. Da mutumin ya sake kira ya ce masa mun gani, Allah ya ba Mama lafiya, sai ƙit ya kashe. To ku riƙe wannan, saƙo ba kuɗi ba ne, balas ne kuɗi, kuma lambar sirrinki ko wanda ya ce daga ofis yake kira kada ki ba shi.

Wadda ta saya ɗin a kwana na tara ta zo, wata nas ce Asante da ta kama ɗaki a Ayeduase. Su masu wuraren suna ta gargaɗi a haɗu a bainar jama'a, to waya ko agogo kam sai ki ce a haɗu a mol na Asokwa, amma firji fa? Dole mutum ya zo har gida ya ga yana sanyi. Na sa maigida ya zauna, ga matan gida a tsakar gida, ta zo da mai gyaran firji ya sa kunne a bayansa yana sauraron injin kamar likita, ta yi ta "te so kakra, Hajia te so", wato in rage kaɗan, ni ma na yi ta nawa Twi ɗin na kasuwa, muka tsaya a 1,900. Ta tura, muka duba balas a gabanta, ta kira aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da kuɗinta. Da a ce lokacin e-levy ne, harajin tura kuɗi ta waya, da sai mun yi wani cinikin a kan wa zai biya shi, tun 2022 ake wannan rigimar har aka soke shi a Afrilun 2025, yanzu saura cajin kamfanin waya, irin na cirewa wajen mai momo. Mai saye da sayar da tsofaffin firji da maigida ya fara kirawa kafin duk wannan, 1,100 ya taya. Kun ga bambancin 800 ba wasa ba ne, amma kwana tara na yi ina amsa waya kamar mai aikin kastoma.

Keken ɗinki ko a status ya tafi, kwana ɗaya. Wata ƙawar ƙanwar maigida ce 'yarta za ta shiga koyon ɗinki, kuma kun san a nan yarinya da kekenta take zuwa wajen madam. Status daɗinsa wanda zai gani ya san ki, ba ɗan damfara, ba mai kiran dare. Rashin daɗinsa ma shi ne ya san ki. Kafin awa 24 ɗin su cika hoton ya sauka har ƙanwar babana da ke Tamale ta kira tana tambaya lafiya dai ko, me ya yi zafi.

Kwanuka da kuloli kuwa sati biyu suna kan waya ko ƙuda bai sauka ba. Mutum ɗaya ce ta yi magana daga Bolga, can arewacin Ghana, wai in kai mata saitin samira tashar Aboabo in ba mota, da muka lissafa kuɗin kwali da na mota ya kusa kuɗin kayan, ga tangaran in ya fashe a hanya wa zai biya. Ba wanda zai hau pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya sauka ya hau bas ɗin trotro don ya zo ya ga kula ta sidi 30, alhali babbar kasuwar Kejetia na nan cike da sababbi.

Nan ne yayata da ke Amurka ta kawo tata shawarar. Ta ce su can in kaya sun yi wa mutum yawa, ranar Asabar da safe sai ya fito da su gaban gida ko bakin gareji, ya manna farashi a jikin kowanne, ya kafa kwali a bakin titi, masu wucewa su tsaya su zaɓa, kafin yamma an gama, kuma ba wanda zai kalle ka. Na gaya wa Mma. Ta ajiye carbinta ta dube ni ta ce, "Mutuwa aka yi ko auren ne ya mutu?" Ta ce a Zango mace ba ta baza kayan ɗakinta a waje sai ɗayan biyun nan, ko kuma talauci ya kai inda ya kai.

Kuma fa ba ƙarya ta yi ba, na zauna na yi tunani. Ai dalilin da ya sa muke da dillaliya kenan tun kaka da kakanni. Mace ta shiga matsi, ta kira dillaliya ta shigo kamar mai gaisuwa, ta naɗe zani ko 'yan kunne a cikin mayafi ta fita, ta zaga gida gida ta sayar a wata unguwa, ta cire la'adarta ta kawo miki sauran, ba wanda ya san na wace ce. Abin da take sayar miki ba ciniki kaɗai ba ne, rufin asiri ne. Da na duba sai na ga ashe wayar ma aikin dillaliya take yi, nas ɗin nan ba ta san ni ba, ba ta san dangin mijina ba, ta ɗauki firji ta tafi. Baza kaya a gida kuwa kishiyar wannan ne gaba ɗaya, kowa zai ga abin da kika mallaka da abin da kika rasa.

Duk da haka na yi, don saura kwana shida mu ba da makulli. Amma ban fita bakin titi ba, wannan kam ko ni ban iya ba. A tsakar gida na shimfiɗa tabarma biyu da leda ranar Asabar bayan an gama wanke-wanken safe, kuma tun Alhamis na bi ɗaki ɗaki na ce tashi za mu yi, ɗakin can ƙarami ne, zan yi donkomi. Kalmar nan donkomi, wato gwanjo, ita ta cece ni, da an ji ta sai abin ya zama wasa da dariya, ba a ce wance ta talauce ba, an ce wance na donkomi. Yara suka kai labari maƙwabta, kafin ƙarfe goma tsakar gida ta cika har da matan lungu na uku da ban taɓa magana da su ba.

Farashin da na manna da salatif ba wanda ya kalla. Hajiyar ɗakin ƙarshe, wadda ta girmi Mma, ta ɗaga babbar kula mai ruwan zinari ta juya ta ta buɗe ta shinshina, ta ce "'yata nawa?" Na ce Hajiya talatin. Ta ce talatin ɗin me? Na ce sidi 30. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu sai ta dafe ƙirji, "Dubu ɗari uku?! Kula?" Ita har yau da tsohon kuɗi take ƙirga, tun 2007 aka yanke sifili huɗu amma a wajenta sidi 100 miliyan ɗaya ne, kuma in ta faɗa da tsohon kuɗin sai ki ji kamar ke ce azzaluma. Ta ce dubu ɗari da hamsin za ta ba ni, wato 15, ta kwance bakin zani ta ƙirgo 10, ta ce sauran in an kwashi adashi. Matar da ta yi min wankan jego na ɗana na fari, in ce mata me? Na ce Allah ya sa albarka Hajiya.

Haka ranar ta tafi. Abin da na sa 50 ya tafi a 30, na 20 ya tafi a 10, ƙanwar maigida ta zo ta zaɓi saitin tangaran mafi kyau ta ce "Anti wannan kam ai ba za ki karɓi kuɗina ba", ta sa a kai ta fita. Cokula dozin ɗaya da cajar waya sun yi ƙafa a cikin hayaniyar, ban ga wanda ya ɗauka ba kuma ban nema ba. Sannan ga sharhi kyauta, wata na cewa ashe duk wannan na ɓoye a kabad muke cin abinci a roba, wata na tambaya wannan ba cikin kayan da dangin uwa suka kawo ba ne. In zuciyarki ba ta da ƙarfi kada ki fara.

Amma fa kafin la'asar tabarma ta koma wayam. Abin da ya yi sati biyu a waya ba a taya ba, awa shida ya ƙare. Ba data, ba kiran dare, ba kuɗin mota, ba fargabar baƙo, kuɗi a hannu ina gani ina ƙirgawa. Na tashi da sidi 1,140, sai bashi 260 da na rubuta a bayan kalanda. In da sababbi zan saya yau kayan nan sun fi dubu huɗu, na sani, amma da suna cikin kabad ko sidi ɗaya ba sa ba ni. Fanka mai aiki da tukunyar gas su ma a nan suka tafi, kuma nan ne na yi kuskure, tukunyar na ba da ita 200 don mai sayen maƙwabciya ce, da daddare ƙanina ya nuna min irinta a waya ana sa ta kusan ninki biyu. Duk abin da ke da filogi ko sunan kamfani a jiki, wanda mutum zai zauna ya rubuta sunansa yana nema, wannan na waya ne, ki ba shi sati biyu ko uku kafin ranar tashi. Talabijin ma da na yi haƙuri a waya ya tafi da daraja. Tarkacen kicin da robobi da labule da takalman yara kuwa kada ki ɓata datarki.

Tufafi ban ma baza su ba. Kayan yara na sadaka ne, ba wanda zai saya ga fos, wato tufafin gwanjo, na nan a kasuwa rututu. Zannuwana masu nauyi guda biyar, Holan biyu da GTP uku da ban taɓa ɗinkawa ba, su kam dillaliya na kira, don zani na gani a jikin maƙwabciya kowa ya san nawa ne wannan ban shirya masa ba. Ta kai su can wajen Tafo, kwana huɗu ta kawo kuɗi ta cire nata, kuma a cikin hanyoyin nan duka ita ce ba ta sa ni ciwon kai ba ko sau ɗaya. Matacciyar fankar da tsohon dutsen guga da wata sitabilaiza da ta ƙone tun zamanin dumso na yawan ɗauke wuta, yaran nan masu tura kura suna kiran kondem, masu sayen matattun kaya, su suka kwashe, ya ɗaga ya jijjiga a hannu ya ce 45, ban ja ba.

Kuɗin duka ya sayi kwano an rufa ɗaki na biyu, saura silin. Bashin 260 kuwa 175 ya shigo, a hankali, biyar yau goma gobe, wata ma da ƙosai ta biya. Makon jiya na je suna a tsohon gidan, aka kawo mana tuwo da miyar ayoyo a wata babbar kula mai ruwan zinari, na kalle ta na kalli Hajiya, ta ce "ci mana 'yata, ai kular na riƙe zafi", biyar ɗina dai ba ta tada zancen ba ni ma ban tada ba.